Yadda Ake Zagaya Gonakin Inabi da Masaukan Ƙauye na Italiya a Mota, Ko Ba Ka Shan Giya

Yawancin mutanenmu da ke zuwa Italiya a birni suke ƙarewa. A sauka Rum ko Milan, a yi taro ko a sayi takalma da jaka, a koma filin jirgi. Ƙasar kuwa ta manoma ce, kuma wanda bai kwana a gona ba, bai ga yadda ake jera kurangar inabi a kan tudu layi-layi ba, bai shiga injin matsar zaitun ba, to rabin Italiya ya gani. Wannan bayani na mai son ya ɗauki hayar mota ne ya shiga karkarar yankin Toskana na kwana takwas zuwa goma, shi kaɗai ko da iyali. Na zaɓi Toskana domin hanyoyinta ba su da nisa, kuma ita ta fi kowane yanki yawan masaukan gona.

Mataki na farko: ka warware maganar giya tun kana gida

Kada mu yi nuƙu-nuƙu. Inabin da ke kan waɗannan tuddai ba na ci ba ne, na giya ne, kuma duk gonar da za ka shiga giya ce babbar hajarta. Abin da ya kamata ka sani shi ne ziyara kashi uku ce: zagayen gona, shiga ɗakin ƙasa inda gangunan suke, sai kuma zaman ɗanɗano a tebur. Ana iya raba su. Ni a ganina Musulmi na iya zagaya gona ya tambayi manomi game da ƙasa da ruwa da yankan reshe, ya ɗanɗana man zaitun da zuma da cuku, ya bar teburin giya ga masu shi, kuma kada ya saya wa kowa ita da sunan tsaraba. Wani zai ga cewa ko ƙofar ɗakin gangunan bai kamata ya taka ba, kuma yana da hujjarsa. Ka tambayi malaminka kafin ka biya kuɗin jirgi, ka san inda iyakarka take. Idan ka tsaya a kan cewa ba ka shiga gonar giya sam, tafiyar ba ta lalace ba, domin akwai gonakin zaitun zalla da na tumaki da na alkama. 'Yan'uwanmu Kirista da ke sha su kuma su riƙe wannan: dokar tuƙi a can ba ta yarda giya a jini ta wuce giram 0.5 a lita ba, kuma wanda bai kai shekara 21 ba, ko bai cika shekara uku da samun lasisi ba, ko ɗigo ba a yarda masa ba. A ware direba guda wanda ba zai taɓa kofi ba.

Mataki na biyu: zaɓen lokaci

Watan Mayu da farkon Yuni ƙasa na kore shar, alkama ba ta bushe ba, zafi bai sauka ba. Satumba zuwa farkon Oktoba lokacin tsinkar inabi ne, za ka riƙa haɗuwa da taraktoci ɗauke da kwanduna a kan hanya, sai dai masu gona ba su da lokacin hira sosai. Idan da ni za a bi, ƙarshen Oktoba zuwa tsakiyar Nuwamba ya fi dacewa da wanda ba ya sha: a lokacin ake kaɗe zaitun, injinan matsa na aiki har dare, ganyen inabi ya yi ja da rawaya, farashin ɗaki ya sauka. Sai dai akwai ruwan sama da sanyi, rana na faɗuwa wajen ƙarfe biyar, kuma daga 15 ga Nuwamba zuwa 15 ga Afrilu hanyoyi da yawa na tilasta tayar hunturu ko sarƙar taya a cikin mota.

Agusta ka ƙyale shi. Zafi, tsada, kuma Italiyawa kansu duk suna hutu, musamman makon 15 ga wata.

Mataki na uku: takardu

Bizar Shengen ake nema, wadda ke ba da damar zama har kwana 90 cikin kwana 180. Kuɗinta ga babba yuro 90 ne tun watan Yunin 2024, ban da ladan cibiyar da ke karɓar takardu. Ana iya shigar da buƙata tun saura wata shida a yi tafiya, kuma gara ka yi da wuri domin samun ranar ganawa shi ne wahalar. Italiya na da ofishin jakadanci a Abuja da ƙaramin ofishi a Legas, tana da wani a Yamai. Za a nemi inshorar lafiya ta tafiya wadda ta kai aƙalla yuro 30,000, da bayanan asusun banki, da shaidar aiki ko kasuwanci, da tikitin zuwa da dawowa, da shaidar masauki na kowane dare. A nan ne masaukin gona ke buƙatar kulawa: ka roƙi mai gidan ya aiko maka da takardar tabbaci mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo, da ranaku, da cikakken adireshin gonar. Ka zaɓi masaukin da ke mayar da kuɗi idan an fasa, saboda biza ba ta da tabbas sai ta shigo hannu.

Lasisin tuƙi na Najeriya ko Nijar shi kaɗai bai isa ba. Sai ka haɗa da lasisin ƙasa da ƙasa, kuma a gida ake yin sa kafin a tashi. Ka riƙe su biyun tare a aljihu.

Mataki na huɗu: shata hanya, kuma kada ka cika ta

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ce kowane dare a sabon gari. Sai tafiyar ta koma ɗaure kaya da kwance kaya. Masauki biyu sun isa a karkara, kwana uku-uku, kana fita da safe kana dawowa da yamma.

Ka fara da kwana biyu a birnin Fulorens ba tare da mota ba. A allunan hanya Firenze za ka ga an rubuta, Rum kuma Roma. Ranar fita ka karɓi mota a filin jirgin garin, ka kama hanyar SR222, wadda ake kira Chiantigiana. Tsawonta zuwa Siyena kimanin kilomita 70 ne, amma kwana-kwana ce da hawa da gangara, kada ka auna ta da mizanin titin Kano zuwa Zariya. Garin farko da ya cancanci tsayawa shi ne Greve in Chianti, mai dandali mai kusurwa uku da rumfuna kewaye, inda ake cin kasuwa ranar Asabar da safe. Daga nan sai Panzano, sai Castellina, sai ka ratse gabas zuwa Radda da Gaiole. A tsakanin waɗannan garuruwa za ka nemi masaukinka na farko.

Baƙin zakara da za ka riƙa gani a alluna tambarin Chianti Classico ne, wato yankin noman inabin giya da kake ciki. Tun 1716 mai mulkin Toskana na lokacin, Cosimo na Uku na gidan Medici, ya shata iyakar ƙasar da za ta amsa sunan Chianti, kuma har yau doka ce ke faɗin irin inabin da za a shuka: aƙalla kashi 80 cikin ɗari sai ya zama Sangiovese. Kusa da Gaiole akwai fadar Brolio ta gidan Ricasoli, wadda Bettino Ricasoli, firaministan Italiya na biyu, ya zauna a cikinta. Ana biyan kuɗi kaɗan a shiga lambunta a hau ganuwa, kuma idan gari ya yi wasai ana hango hasumiyoyin Siyena daga can. Wannan ziyara ce da ba sai ka kusanci kofi ba.

Rana guda ka ba Siyena. Ka ajiye mota a wajen ganuwa ka shiga da ƙafa zuwa dandalin Campo, inda ake sukuwar Palio ranar 2 ga Yuli da 16 ga Agusta: dawakai goma daga cikin unguwannin garin 17, ba sirdi, zagaye uku. Wata ranar kuma San Gimignano mai hasumiyoyi 14, garin da aka sani da noman za'afaran. Ka je shi da sassafe ko bayan la'asar, domin da rana motocin 'yan yawon buɗe ido sun cika shi maƙil.

Masauki na biyu ka yi shi a kwarin Orcia, kudu da Siyena, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2004. Hanyar SR2 ce ke kai ka. Nan ƙasar ta bambanta da Chianti: dajin ya ragu, tuddai ne masu laushi na alkama, da dogayen itatuwa tsaye a jere a bakin hanyoyin gidaje. Montalcino na kan tudu, kimanin kilomita 40 daga Siyena, kuma ƙasa da shi akwai tsohuwar majami'ar Sant'Antimo a tsakiyar zaitun. Hanyar SP146 daga San Quirico zuwa Pienza zuwa Montepulciano ba ta kai kilomita 30 ba, amma za ta iya cinye maka wuni. Pienza garin cukun tumaki ne, tun daga ƙofar gari hancinka zai gaya maka. Fafaroma Pius na Biyu ne ya sake gina ƙauyen haihuwarsa daga 1459, ya sa masa sunansa. Bagno Vignoni kuma, maimakon dandali, tafkin ruwan zafi ne a tsakiyar ƙauyen. Ba a shiga wannan tafkin, kallo ake yi.

Daga Montepulciano ka hau babban titin A1 ka gangara filin jirgin Fiumicino na Rum, tafiyar kimanin awa biyu da rabi. Ajiye mota a wani gari daban da inda aka ɗauka yana da ƙarin kuɗi, ka tambaya tun farko.

Mataki na biyar: masaukin gona

Sunan da za ka nema a intanet shi ne agriturismo. Ba otal ba ne mai ado da kayan ƙauye. Doka ce ta kafa shi a 1985, aka sabunta a 2006, kuma sharaɗinta shi ne noma ya ci gaba da zama babban aikin gidan, saukar baƙi ƙari ne. Asalin abin shi ne bayan yaƙin duniya na biyu manoman da ke noma ƙasar masu gida a raba amfani biyu sun watse zuwa masana'antun birni, gidajen dutse suka zama kufai. Saukar baƙi ne ya dawo da rai cikin da yawa daga cikinsu. Yau sun haura 25,000 a faɗin ƙasar. Wannan tsari yana burge ni ƙwarai, domin ya bar manomi a gonarsa da mutuncinsa, bai mai da shi ma'aikacin otal ba.

Ba duka ne iri ɗaya ba. Wani ɗakuna ne da karin kumallo, wani gida ne mai kicin wanda ake bayarwa daga Asabar zuwa Asabar a lokacin cunkoso, wani kuma yana dafa abincin dare ga baƙinsa. Ga mai kula da halal, ɗaki mai kicin ya fi komai sauƙi. Kafin ka biya, ka rubuta wa mai gidan kai tsaye ka tambaye shi abubuwa kamar haka. Me suke nomawa, kuma za a iya zagayawa da kai? Kilomita nawa ne na burji kafin a iso ƙofa? Akwai na'urar sanyaya ɗaki, ko ɗumama ɗaki na cikin kuɗin ne ko daban ake biya? Ƙarfe nawa suke daina karɓar baƙi? Wannan ta ƙarshen kada ka raina ta. Babu mai zaman kanta da dare a gona, mutanen gida ne, sun tashi tun asuba. Idan za ka makara ka kira ko ka aika saƙon WhatsApp. Ka kuma tambayi ko akwai karnuka a sake, domin kusan kowace gona na da su, a ce a ɗaure maka su idan ba ka so.

Da isarka za a karɓi fasfon kowa a rubuta. Ba zargi ba ne, doka ta wajabta musu sanar da 'yan sanda sunan kowane baƙo cikin awa 24. Akwai kuma harajin kwana na ƙaramar hukuma, 'yan yuro kaɗan a kan kowane mutum kowane dare, wanda galibi ake karɓa a hannu ranar tafiya. Ka yi ƙoƙari ka iso masauki da sauran haske. Taswirar waya takan kai mutum bayan gona ta wata hanyar tarakta, don haka kwatancen da mai gida ya aiko ya fi ta gaskiya.

Mataki na shida: ɗaukar mota

Ƙarama ka ɗauka. Lungunan ƙauyukan nan an yi su ne tun zamanin jaki da keken shanu, kuma wurin ajiye mota matsattse ne. Yawancin motocin haya masu kuloci ne, otomatik sai an yi oda da wuri kuma ta fi tsada. Kamfanoni na neman katin bashi mai sunan direban domin su riƙe kuɗin ajiya, da yawa ba sa karɓar katin cirar kuɗi na yau da kullum, kuma katin naira na iya ƙin aiki a waje. Ka warware wannan da bankinka da kamfanin kafin ka tashi, a rubuce. Wanda bai kai shekara 25 ba yakan biya ƙari.

Inshorar da ke cikin farashi tana barin wani kaso a wuyanka, kuma sau da yawa ba ta ɗaukar taya da gilashi da ƙarƙashin mota, waɗanda su ne burji ke ci. Ka karanta abin da yarjejeniyar ta ce game da hanyar da ba kwalta. Kafin ka motsa ka zagaya motar da bidiyo, ka duba akwai rigar nan mai ƙyalli da alamar haɗari mai kusurwa uku, ka tabbatar da irin man da take sha. A gidan mai benzina fetur ne, gasolio kuma dizal. Famfon da aka rubuta servito ma'aikaci ne ke zuba maka, kuma lita ta fi tsada.

Mataki na bakwai: tuƙin kansa

Hannun dama ake bi kamar gida, wannan ba matsala. Gudu kuwa kilomita 130 ne a babban titin kuɗi, ya sauka 110 idan ana ruwa, 90 a hanyoyin karkara, 50 a cikin gari, sai inda allo ya faɗi ƙasa da haka. A wajen gari fitila a kunne take ko da rana. A shataletale, wanda ke ciki ne mai hanya. Ba a tsayar da kai a yi ciniki, kyamara ce ke aiki: akwai akwatunan auna gudu a bakin ƙauyuka, kuma a manyan tituna akwai na'urar da ke lissafa matsakaicin gudunka tsakanin wuri biyu, don haka taka birki a gaban kyamara ba ya fid da kai.

Babban tarkon baƙo shi ne ZTL. Allo ne fari mai jan da'ira a ƙofar tsohon gari, ma'anarsa motar da ba ta da izini ba ta shiga. Babu shinge, babu ɗan sanda, hanya a buɗe take, motar gabanka ma ta shige domin mai ita mazaunin unguwar ne. Kai ka bi shi, kyamara ta ɗauki lamba. Kowace shiga tara ce mai zaman kanta, daga kimanin yuro 80 zuwa sama, kuma wanda ya ɓata hanya yana zagaye zai iya tara uku cikin minti goma. Fulorens da Siyena da Pisa duk suna da shi, ƙananan garuruwan kan tudu ma haka. Wayarka ba lallai ta gargaɗe ka ba. Dabarar ita ce da ka ga ganuwa ko tsohuwar ƙofar gari, ka nemi shuɗin allo mai harafin P ka ajiye mota, ƙafa ta ƙarasa.

Wurin ajiyewa launin fenti ne ke magana: shuɗi na kuɗi ne, ka yanki tikiti a injin da ke kusa, fari galibi kyauta ne, wani lokaci da iyakar awa, rawaya na wasu ne, kada ka taɓa. Kada ka bar jaka a kan kujera inda ake gani.

A titin kuɗi, allunansa kore ne, ka ciri tikiti a mashiga ka biya a mafita. Layin rawaya na masu na'urar Telepass ne, wadda ke biyan kuɗin titi kai tsaye, ba naka ba. Shuɗi na kati, fari na kuɗin hannu. Lambar gaggawa 112 ce.

Mataki na takwas: ziyarar gonar inabi da injin zaitun

Ba a faɗawa gona haka kawai. Ana yin alƙawari kwana biyu ko uku kafin, ta shafinsu ko ta bakin mai masaukinka, wanda shi ya fi kowa sanin maƙwabtansa. Ziyara ɗaya da safe, ɗaya da yamma, ta wadatar. A cikin saƙon ka faɗi gaskiya: ba ma shan giya, muna son zagayen gona da ɗanɗanon mai. Kalmar astemio, mace astemia, ita ce wanda ba ya sha, kuma sun saba jin ta. Wasu za su rage kuɗi, wasu su kawo succo d'uva, wato ruwan inabi da bai tsima ba. Ƙananan gonakin iyali sun fi manyan kamfanoni sauƙin sauya tsari, kuma a can ne za ka samu mai gonar da kansa ya zagaya da kai.

Idan kana da ido na noma, ga abin dubawa. Ka lura da yadda suka fi son ƙasa mai tsakuwa wadda mu za mu ce ba ta da albarka, domin kurangar da ta sha wuya 'ya'yanta ƙanana ne masu ƙarfin ɗanɗano. Ka ga yadda ake yanke wasu nonnan inabi tun suna ɗanye a zubar domin sauran su yi kyau. Ka tambayi abin da ake shukawa tsakanin layuka, sau da yawa dangin wake ne da ake nome su cikin ƙasa su zama taki. Za ka ga waya kewaye da gonaki, saboda aladen daji da barewa ne. Ka tambaye su game da fari da ƙanƙara, nan take hira za ta buɗe, domin manomi ko'ina damuwarsa sama ce.

A lokacin tsinka kada ka ɗauki almakashi ka shiga layi don taimako. Dokar ƙwadago na da tsanani, mai gona zai iya shan tara. Wasu gonakin na shirya tsinkar baƙi ta awa ɗaya ko biyu a hukumance, ita za ka nema. Kuma za ka iya tarar da 'yan Afirka ta Yamma cikin masu tsinkar. Ka yi musu sallama, amma kada ka ɗaga musu kyamara ba izini. Aikin gona na baƙi a Italiya na da tarihin zalunci na 'yan kamasho, har sai da aka yi doka mai tsauri a kansa a 2016.

Injin zaitun, frantoio, shi ne wurin da na fi so mutum ya gani. Ƙananan manoma na kawo nasu a akwatuna su zauna jiran layi, kamar yadda mata ke kai gyaɗa inji su tsaya a kan kayansu. Ana wankewa, a niƙa har da ƙwallon, a cuɗa ba tare da zafi ya haura digiri 27 ba, a ware mai da ruwa. Sabon mai kore ne, mai gauraye, yana da ɗaci kaɗan kuma yana kartar maƙogwaro har ka yi tari. Wannan kartar alamar kyau ce. Za a gasa maka burodi a goga tafarnuwa a kwarara man a barbaɗa gishiri.

Mataki na tara: abinci

Toskana ƙasar alade ce, a buɗe ido. Maiale alade ne, cinghiale aladen daji, kuma prosciutto, salame, finocchiona, pancetta, guanciale da lardo duk daga jikinsa suke. Wanda ke ɓuya shi ne strutto, narkakken kitsensa, da ake sa wa a wasu burodi da kayan fulawa. Giya ma na shiga miyar nama da dafa-dukan shinkafarsu, wani lokaci har da kayan zaƙi, kuma busasshen biskit ɗin almon da ake kawowa bayan abinci yakan zo da ƙaramin kofin giya mai zaƙi a gefe. Ka haddace senza maiale, senza vino, wato ba alade, ba giya, ka rubuta a takarda ka miƙa.

Duk da haka ba za ka kwana da yunwa ba, domin abincin talakawan yankin na wake ne da ganye da burodi da mai. Pici taliya ce mai kauri ta hannu, ka ce a yi maka da tumatir da tafarnuwa. Pappa al pomodoro faten burodi ne da tumatir. Ribollita miyar wake ce da kabeji, amma ka tambayi da wane romo aka yi. Ga ƙwai, ga cuku, ga kifi. Burodin Toskana ba gishiri a ciki, ba mantuwa aka yi ba. Naman yanka na halal sai a mahautan Musulmi da ke Fulorens da sauran manyan garuruwa, ka saya kafin ka shiga ƙauye idan ɗakinka na da kicin. Yaji kuwa ka taho da naka.

Lokaci ma doka ne. Abincin rana daga 12:30 zuwa 2:30, na dare daga 7:30. Tsakanin nan kicin a rufe yake, shagunan ƙauye ma na rufewa da rana. Idan masaukinka na dafa abincin dare, da safe ake sanar da su, kuma abin da aka dafa kowa ke ci, shi ya sa maganar alade tun a saƙon farko ake yin ta. Coperto da za ka gani a takardar kuɗi ladan zama ne a kan kowane mutum, ba cuta ba ce.

Mataki na goma: sallah

Ka tafi da sallaya mara nauyi da manhajar alƙibla, alƙiblar kudu maso gabas take. A gona wuri ba ya wahala. Kusan kowane banɗaki na da kwamin tsarki kusa da masai, wanda ke rage kewar buta. A watan Yuni magariba na kaiwa ƙarfe tara, asuba kuma da wuri ƙwarai. Don Juma'a, akwai masallaci ginanne a Colle di Val d'Elsa, tsakanin Siyena da San Gimignano, wanda aka buɗe a 2013, sai ka daidaita ranar zuwa San Gimignano da ita. Babban masallacin Rum kuma, da aka buɗe a 1995, ya cancanci ziyara kafin ka hau jirgi.

Mataki na ƙarshe: tsaraba da mayar da mota

Man zaitun a gwangwani za ka saya, ba kwalba ba, ka duba shekarar girbi a jiki, ka naɗe shi a leda cikin jakar da ake aunawa, domin ta hannu ba ta wuce mililita 100 na ruwa a yawancin filayen jirgi. Busasshen cuku ka ce a matse maka shi a leda mara iska. Zuma da za'afaran ba su da nauyi. Idan sayayyarka a shago guda ta haura yuro 70, ka tambayi takardar mayar da haraji, a buga mata hatimi a kwastan kafin ka miƙa kaya.

Ka cika tanki a gidan mai na kusa da filin jirgi ka riƙe rasit. Ka mayar da motar lokacin da ma'aikaci ke nan, ya duba ya sa hannu cewa ba sabon lahani, ka sake ɗaukar bidiyo har da agogon mai. Kada ka rufe katin da ka biya da shi da zarar ka dawo, domin kuɗin ajiya kan ɗauki kwanaki kafin a sake shi. Idan kuma kyamara ta kama ka, kamfanin haya zai fara cire ladansa na miƙa sunanka ga hukuma, takardar tarar kanta ta biyo baya daban. Hukuma na da kwana 360 ta aiko wa mazaunin ƙasar waje, kuma wanda ya biya cikin kwana biyar da karɓarta ana rage masa kashi 30 cikin ɗari.